Yadda Kirista Zai Ba da Shaidar Bangaskiyarsa Cikin Gaba Gaɗi da Ladabi

Abubuwa biyu ne suka fi hana Kirista yin maganar bangaskiyarsa da maƙwabci: tsoron kada a yi masa tambayar da ba shi da amsarta, da kuma tsoron kada hira ta rikiɗe ta zama gardama. Manzo Bitrus ya haɗa maganinsu a wuri ɗaya cikin wasiƙarsa ta fari, sura 3 aya 15, inda ya umarci masu bi su kasance a shirye su amsa wa duk wanda ya tambaye su dalilin begensu, amma su yi haka da tawali'u da bangirma.

Shirin yana farawa ne daga sanin abin da ka gaskata. Ka karanta ɗaya daga cikin littattafan Bishara huɗu daga farko har ƙarshe, kamar ta Markus, wadda ta fi gajarta da surori 16, ko ta Luka mai yawan misalai, har ka iya ba da labarin Yesu Almasihu da bakinka ba tare da duba takarda ba. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, bayan aikin shekaru da Dakta Walter Miller, ɗan mishan da ya zauna a Zariya, da abokan aikinsa suka yi, saboda haka mai jin Hausa ba shi da uzurin jiran fasto ya karanta masa. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta bazu a ikilisiyoyin Arewa a shekarun 1960, ta tsaya ne a kan wannan: manomi da tela da 'yar Zumuntar Mata duk masu shaida ne. Sai ka tsara labarin kanka a taƙaice, wato yadda kake a dā da abin da Almasihu ya canja a rayuwarka, kuma kada ka ƙara masa gishiri, domin wanda ya san ka tun kuna yara zai gane.

Kafin magana, akwai zaman tare. Maƙwabcin da ba ka je masa ta'aziyya ba ranar da ya yi rashi, ba ka yi masa barka da suna ba, ba ka kuma amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba, da wuya ya ba ka kunnensa ranar da ka zo da Littafi a hannu. Haka nan ɗan kasuwar da ke tauye mudu ya riga ya rushe wa'azinsa tun bai buɗe baki ba. Sai dai a kiyaye: alheri ba tarko ba ne. Idan ka kai mara lafiya asibiti ko ka rance wa wani kuɗin taki, ka yi domin Allah, ko ya saurare ka ko bai saurara ba. Mutane suna saurin gane taimakon da aka ɗaura wa igiya.

Idan hira ta buɗe, ka fi yawan sauraro. A Bisharar Yahaya sura 4, Yesu ya fara zance da wata mace Basamariya, wato 'yar ƙasar Samariya, ne da roƙon ruwan sha, ya bar ta ta yi tambayoyinta. Kai ma ka tambayi abokinka abin da ya gaskata, ka bar shi ya kai aya, sa'an nan ka nemi izini: "Malam, ko ka yarda in gaya maka yadda mu muka fahimci wannan?" Namiji ya yi zance da namiji, mace da mace, kuma ba a bi ta bayan iyaye a ja yaransu.

A ƙasar Hausa yawancin waɗanda za ka yi wannan hira da su Musulmi ne, kuma suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu, don haka ba daga wofi kuke farawa ba. Kada ka taɓa aibata Annabi Muhammadu ko Alƙur'ani, ko da wasa, ko a Facebook, ko da an tsokane ka. Zagi bai taɓa jawo kowa ga Almasihu ba, kuma yana iya tayar da fitinar da za ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ka riƙe naka Littafin da daraja, kada ka ajiye shi a ƙasa. Tambayar da za ta zo kusan kullum ita ce ta kiran Yesu Ɗan Allah. Ka bayyana a natse cewa babu Kiristan da ya gaskata Allah ya yi aure ko ya haihu irin ta mutane, kuma Kirista Allah ɗaya yake bauta wa. Amma kada ka ɓoye gicciye da tashin Yesu daga matattu don gudun ɓacin rai, domin shaidar da aka cire wa wannan ba ta da sauran abin faɗa. Ladabi yana cikin murya da zaɓen lokaci, ba cikin rage gaskiya ba.

In aka yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Ban sani ba, amma zan bincika in dawo maka," sa'an nan ka cika alkawarin. In ka ga murya ta fara tashi ko jama'a sun fara taruwa, ka rufe zancen da fatan alheri, ku rabu kuna abokai.

Wanda ya nuna yana son ƙarin bayani yana buƙatar ka rufa masa asiri. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini har da na sauya shi, amma a zahiri mutum yana iya rasa gida ko aure ko gado. Kada ka ambaci sunansa a gaban ikilisiya lokacin shaida, kada ka ɗauki hotonsa, kada kuma ka matsa masa ya yanke shawara a gabanka. Ka haɗa shi da dattijo ko fasto mai hankali idan shi da kansa ya yarda, ka ci gaba da yi masa addu'a, kuma ranar da ya ce ba ya son a sake tayar da zancen, ka bar shi, ka ci gaba da gaishe shi kamar yadda ka saba.