Yadda Ake Tantance Wuri Mai Haɗarin Fashewa Kafin a Girka Na'urar PLC

Na'urar PLC, wato kwamfutar da ke ba injinan masana'anta umarnin tashi da tsayawa, ba ta cin wuta sosai, shi ya sa ma'aikata da yawa ba sa ɗaukar ta abin tsoro. Amma makunnan cikinta suna fitar da tartsatsi idan sun buɗe ko sun rufe, wasu sassanta kuma suna ɗaukar zafi, kuma a inda gas ko ƙura mai kama wuta ta gauraya da iska, wannan ɗan tartsatsin ya isa ya tada gobara. Saboda haka wurin ake fara tantancewa, sannan a sayi na'ura. Zan yi misali da tashar ɗura gas na girki, tunda irinta ta yawaita a garuruwanmu.

Mataki na farko shi ne a san abin da ake aiki da shi. Gas na girki haɗin furofen ne da butan, kuma ya fi iska nauyi, don haka idan ya yi yoyo ƙasa yake bi, ya kwanta a kwalbati da ramukan waya. A ƙa'idojin IEC, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, an raba gas rukuni-rukuni: shi yana rukunin IIA, etilin yana IIB, haidurojin da asitilin kuwa suna IIC, wanda ya fi tsanani. Na'urar da aka amince da ita don IIC tana aiki a IIA, amma ta IIA ba ta shiga wurin IIC.

Na biyu, a zagaya tashar a rubuta duk inda gas zai iya fita: kan ɗura tukunya, bakin mesar tanka, hatimin famfo, mahaɗar bututu da bawul ɗin rage matsi. A kan kowanne a tambaya, shin fitar ta kullum ce, ko ta lokaci-lokaci yayin aiki, ko sai an samu matsala? A duba kuma yadda iska ke ratsa wurin, domin yoyon da zai baje a fili zai iya taruwa a rumfar da aka kewaye da bango.

Daga nan ake raba wurin shiyya-shiyya bisa ƙa'idar IEC 60079-10-1. Shiyya ta 0 ita ce inda gas yake kullum ko na dogon lokaci, kamar sararin da ke saman mai a cikin tankin fetur. Shiyya ta 1 ita ce inda ake sa ran samunsa jefi-jefi a aikin yau da kullum, kamar kewayen kan ɗura. Shiyya ta 2 kuwa ba a sa ran gas a cikinta, in ma ya zo ba ya daɗewa. Injiniyoyi kan kimanta da awoyi a shekara: sama da 1,000 ga ta 0, tsakanin 10 da 1,000 ga ta 1, ƙasa da 10 ga ta 2. A kamfanin fulawa ko sukari, inda ƙura ce matsalar, lambobin su ne 20 da 21 da 22. Kayan Amurka kuma sukan zo da tsarin aji da sashe, inda aji na I sashe na 2 ya yi kusa da shiyya ta 2. Dole a fitar da duk wannan a zanen da ke nuna faɗi da tsayin kowace shiyya, kuma ƙwararren injiniya ya sa masa hannu.

Mataki na huɗu shi na fi ba muhimmanci. Idan da hali, kada a saka PLC a cikin shiyya ko ɗaya. A kai ta ɗakin sarrafawa da ke wajen iyakar zanen, a bar na'urorin awon matsi da zafi kaɗai a fili, a haɗa su da ita ta shingen taƙaita wuta, tsarin da ake yi wa alamar Ex i. Shingen yana rage ƙarfin wutar da ke fita har ta kasa kunna gas ko da waya ta tsinke. Sai a gwada alƙaluman takardar shingen da ta na'urar awon, a tabbata abin da shingen ke bayarwa bai wuce abin da na'urar awon za ta ɗauka ba, tare da lissafin tsawon waya. A ware waɗannan wayoyi daga na sauran wuta. Idan za a bambanta su da launi, shuɗi mai haske ake amfani da shi. A kuma toshe bututun waya a inda ya ƙetare iyakar shiyya, in ba haka ba shi zai kawo gas har cikin ɗakin.

Idan ba makawa sai na'urar ta zauna a fili, a karanta tambarin jikinta harafi-harafi. Rubutu irin Ex ec IIC T4 Gc yana nufin ta dace da shiyya ta 2 kaɗai, kuma zafin jikinta ba zai wuce digiri 135 ba. Ajin zafi ya fara daga T1 mai digiri 450 zuwa T6 mai 85. Butan yana buƙatar aƙalla T2, fetur kuma T3. Shiyya ta 1 tana buƙatar matakin kariya na Gb, wanda galibi ke nufin saka na'urar a akwati mai jure fashewa, Ex d, ko mai matsin iska mai tsabta a ciki, Ex p. Harafin X a ƙarshen lambar takardar shaida yana nuna akwai sharuɗɗa na musamman, misali akwatin da kariyarsa daga ƙura da ruwa ba ta gaza matakin IP54 ba.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Idan tambarin bai faɗi zafin muhalli ba, to iyakar da aka amince wa na'urar tsakanin digiri 20 ƙasa da sifili ce da digiri 40, alhali a bazarar Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zafi na haura 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe da rana ke duka. Da zarar an wuce iyakar, ajin zafin da aka rubuta ya daina aiki. A nemi na'ura mai iyaka mafi girma, a kuma yi wa akwatin rumfa.

Bayan girkawa, a haɗa wayar ƙasa, a ɗaure kowace ƙusa ta murfi, a rufe ramukan da ba a yi amfani da su ba da marfi mai shaida. Kada a zare katin cikin PLC ko a cire waya da wuta a jiki sai na'urar gano gas ta nuna wurin lafiya lau. Ƙa'idar IEC 60079-17 ta ce kada tazarar duba kayan ta wuce shekara 3 ba tare da shawarar ƙwararre ba, kuma duk ranar da aka ƙara famfo ko aka ja sabon bango, sai a sake zanen shiyyoyin.