Darasi na 7: Zaɓen mota ta hannu mai ɗaukar iyali da kayansu

Wannan darasin na magidanci ne ko uwargida da aka tara ɗan abin da aka tara ana son motar da zata kwashe gida gaba ɗaya, ko tafiya ƙauye da sallah, ko biki a wani gari, ko irin fitar nan ta hutun makaranta da ake kai yara Yankari su ga namun daji su yi wanka a ruwan Wikki. Irin wannan tafiyar ba mutane kaɗai ake ɗauka ba, akwai katifa da tabarma da gidan sauro, akwai kular abinci da jarkar ruwa da tukunyar gas, wani ma harda tanti. Toh tunda sabuwa dal tafi ƙarfin yawancinmu, maganar ta hannu zamu yi.

Fara da ƙirga kai

Kafin kaje wajen dillali ɗauko biro da takarda. Rubuta mutum nawa zasu shiga, harda kai direba, harda jariri, don na goye yau gobe kujerarsa zai nema. Sai ka jera kayan a ƙasa. Abin da yasa nace a rubuta, motoci da yawa ana ce musu masu kujera 7 amma kana ɗaga kujerun baya but ya ƙare, jaka biyu da ƙyar. Opel Zafira haka take, tsohuwar Highlander mai layi uku ma haka, kujerun ƙarshen na ƙananan yara ne kuma in sun zauna kaya sai dai saman mota. In ku 5 ne mota mai dogon baya irin Peugeot 406 wagon ko Golf wagon ta isheku kuma shan manta da sauƙi. In kuwa kun kai 7 ko 8 ga kuma kaya, toh magana ta dawo kan guda biyu da suka cika titunanmu, Toyota Sienna da Volkswagen Sharan wadda a tasha ake ce mata Sharon.

Sienna ta 2004 zuwa 2010 itace wadda masu iyali suka fi bi. Akwai mai ɗaukar mutum 7 akwai mai 8, kuma ko kowa ya zauna akwai rami mai zurfi a bayan kujerun ƙarshe da zai haɗiye kula da jakunkuna, in kuma baku cika ba sai ka kifa kujerun su shige cikin ramin, fili ya samu har a shimfiɗa wa yara katifa in an sauka. Amma ka san injinta silinda 6 ne, tana shan mai ba wasa. Ta 2004 zuwa 2006 injin 3.3 ne mai bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita aikin injin, shi ana canza shi duk kusan mil 90,000, ka tambaya yaushe aka canza, in mai motar ya fara sosa ƙeya ka saka kuɗin canjin a lissafinka. Daga 2007 injin 3.5 ne mai sarƙa a madadin bel ɗin, wannan damuwar babu. Ka buɗe ƙofofin gefe masu zuƙewa ka rufe su sau da yawa musamman masu buɗe kansu da wuta, waya da motan cikinsu suna mutuwa kuma gyaran ba arha. Sannan ka tsuguna ka leƙa ƙarƙashin ƙofar gefen dama nan safaya take. Mai jan ƙafa huɗu, wadda aka rubuta AWD a bayanta, ita daga kamfani ma bata zuwa da safaya, kaga mai shirin shiga hanyar daji dole ya nemo taya ya kuma nemo inda zai ajiye ta acikin but ɗin da yake taƙama dashi.

Sharan kuma 'yar Turai ce, ita da Ford Galaxy ta farko da Seat Alhambra kusan abu ɗaya ne suna kawai aka canza. Kujerunta ɗaiɗai ne ana cire su a ajiye a gida, yawanci giyar hannu ce, mai injin 2.0 bata kai Sienna shan mai ba, kuma farashinta yafi sauƙi. Matsalarta 'yan haya sun riga ka, mafi yawan waɗanda zaka tarar ana sayarwa sun sha hanya da lodi, ana gane su ta kujerun da aka sauya ko aka ƙara benci, da bayan da ya zauna ƙasa, da sabon fenti da aka rufe kalar ƙungiya dashi. Honda Odyssey ta farkon shekarun 2000 tana da fili da daɗin zama amma giyarta tayi ƙaurin suna, in ka ganta da arha sosai toh dalilin kenan galibi. Hiace kuwa ka manta da ita, masu haya sun sa ta tsada.

In ra'ayina ake tambaya, ka zaɓi wadda makaniken garinku ya sani kuma kayanta suna zube a kasuwa. Mota mai kyau da arha wadda babu irinta a unguwa, ranar da ta tsaya maka tsakanin Ningi da Bauchi da yara suna kuka rana na faɗuwa, makaniken bakin hanya zai buɗe bonet ya tsaya yana kallo ne kawai. Kafin ka saya ka shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi kuɗin abu uku, shokzoba da famfon mai da injin ɗungurungum. In mai shago yace sai an aiko daga Ladipo ta Legas toh ka fara ja da baya.

Beljiyom ko ta hannun ɗan gida

Wadda ake ce ma Beljiyom ko tokumbo itace aka shigo da ita daga waje ba a taɓa yi mata lamba a nan ba, ta fi tsada. Ta hannun ɗan gida ta fi arha amma ta sha ramukanmu da makanikanmu. Kowacce da tarkonta. Acikin masu zuwa daga Amurka akwai waɗanda suka yi haɗari aka gyara, akwai waɗanda ambaliya ta shanye, irin waɗannan wutarsu bata ƙarewa da matsala. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina, ka haska tocilan ƙarƙashin kujera ka ga ko ƙarfen yayi tsatsa ko akwai busasshen laka a lungu, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin ruwa. Kuma kada mita ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya, sannan ta Amurka da mil take ƙirga, mil 1 kilomita 1.6 ne, wato in ka ga 150,000 toh kilomita 240,000 ta ci. Sitiyarin da ya goge da robar birki da ta cinye sun fi mita faɗin gaskiya.

Ga wani karatu mai sauƙi da zai hana a cuce ka. Kusan kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba guda 17, tana jikin dashbod ta ƙasan gilashin gaba wajen direba, tana kuma jikin takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. A motocin Amurka na 10 a jerin shine shekarar motar, 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A kuma 2010. Ƙirga da yatsa a hankali. Ana canza fitilu da bamba a ce maka 2009 ce alhali 2004 ce, amma wannan lambar tana nan.

Ranar dubawa

Ka tafi da naka makaniken wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba. Dillali la'adarsa yake nema, zaka ji mace ce ke hawanta, ba a taɓa buɗe injin ba, fes bodi ce wato ba a taɓa sake mata fenti ba, zuba mai kawai ka kama hanya, kai dai kace toh madalla ka ci gaba da dubawarka. Kuje da safe kafin a tada ta, ka taɓa bonet in da ɗumi an riga an ɗumama ta don ɓoye wahalar tashi. Ka tsaya a baya a tada ka kalli salansa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi tana shan baƙin mai, fari mai kauri da baya ɗaukewa gasket ɗin kan inji ne ya ƙone, baƙi kuma fetur take zubarwa a banza. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu fari-fari ya daskare a jikinsa ruwa ya haɗu da mai. In otomatik ce a zaro sandar man giya in tana da ita, ja ya kamata ya zama, in yayi baƙi yana ƙauri akwai magana. Fitilun dashbod dukansu su kama in an murɗa makulli sannan su mutu bayan ta tashi, wadda bata kama ba kwata-kwata an cire ƙwanta ne, don haka a jona kwamfuta a duba, kuɗin ba yawa. A leƙa kuma ko indomi ɗin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinta, yana nan don ana ƙwaƙule shi a sayar. Jiki kuma ɗan maganaɗisu ya isa, inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe fila ce aka cika, wato abin da masu gyaran jiki ke shafe lotsawa dashi.

Taya ma tana da ranar haihuwa, lamba 4 ce a gefenta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. 'Yan rodsefti shekara 4 suke ba taya daga ranar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya da lodi da zafin kwalta a watan Afrilu haɗuwarsu ba alheri. In huɗun duk sun tsufa a rage maka kuɗinsu.

Gwajin tuƙi kada ya zama zagaye unguwa. A hau babban titi, a kunna esi, a cika ta da mutane manya, ka ga ko baya zai zauna har ya riƙa taɓa ƙasa a kan tudun rage gudu, ka kuma sa ido kan allurar zafi, motar iyali da ke zafi da esi a kunne bata da amfani a arewa.

Takardu da biyan kuɗi

A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma masu biyowa da su ta daji daga Kwatano basu daina ba, shi yasa takardar kwastam ta bogi tayi yawa, kuma in aka tare ka a hanya kai za a sauke da iyalinka ba wanda ya sayar maka ba. Kai takardar ofishin kwastam a tantance kafin ka biya, lambar shasin da ke takarda ta zo ɗaya da ta jikin mota. In ta hannun ɗan gida ce ka karɓi takardar mallaka da lasisin mota, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a haɗa da kwafin katin shaidar mai sayarwa, ka tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, sannan ka mayar da takardun sunanka. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun farkon 2023. Yawancin Sienna da baƙin gilas suke zuwa, 'yan sanda na tambayar takardarsa, ka tambaya tun yanzu.

Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a ciniki. Ware aƙalla kashi 1 cikin 10 na juyen mai da birki da batir da abin da zai ɓullo a watan farko, don sai ya ɓullo. Sai lissafin fetur, wanda tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ya zama shine babban kuɗin tafiya. Mu ɗauka zuwa da dawowa kilomita 800 ne. Motar da ke cin kilomita 8 da lita ɗaya zata sha lita 100, mai cin kilomita 10 zata sha lita 80. In lita naira 900 ce, ta farko 90,000 ta biyu 72,000, bambanci 18,000 a tafiya ɗaya kawai.

Aikin gida

Ka sake wannan lissafin da farashin litar da ke gidan man unguwarku yau, da nisan garin da kuka fi zuwa. Sannan ka samu motar wani ɗan uwa ko maƙwabci wadda ta zo daga Amurka ka nemi izini, ka kwafo lambar shasinta a littafinka ka ja layi ƙarƙashin ta 10, ka kuma kwafo lambobi 4 na kowace taya harda safaya. A aji na gaba kowa zai karanto nasa ya faɗa mana shekarar motar da kuma tayar da ta fi tsufa.