Kurakuran da jagororin sababbin masu keke suka fi yi a gasar tirayatulon ta agaji

A Amurka, ƙungiyoyi irin su Team In Training, wadda aka fara a 1988 don tara kuɗin yaƙi da kansar jini, suna ɗaukar mutanen da ba 'yan wasa ba su shirya su shiga tirayatulon, wato gasar da ta haɗa ninkaya da keke da gudu a jere. A tsayin Olamfik, ana fara gasar da ninkaya ta kilomita 1.5, sai keke kilomita 40, sai gudu kilomita 10. Keken ne ya fi cin lokaci, kuma a nan jagora mai aikin sa kai ya fi yin tuntuɓe, don yakan manta cewa abin da ya zama masa jiki, ga sabon shiga karatu ne.

Babban kuskure shi ne a fita hanya ba a duba sirdi ba. Sabon shiga yana son ƙafarsa ta taɓa ƙasa yana zaune, sai ya sauke sirdin. Bayan mako biyu gaban gwiwa ya fara ciwo, ya ɗauka keke ne bai karɓe shi ba. Gyaran na minti biyar ne: a riƙe masa keken, ya ɗora diddige a kan feda, ya kai ta can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai. Idan ya mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. In ƙugunsa na rangaji hagu da dama yayin tuƙi, sirdin ya yi sama. A riƙa gyarawa da milimita biyar biyar, kada a yi tsalle ɗaya.

Sai giya. Yawancin sababbi suna danna giya mai nauyi suna nishi, a zatonsu motsa jiki ke nan. A sa su ƙirga juyin ƙafar dama na daƙiƙa 30 su ninka biyu. Abin nema shi ne 80 zuwa 90 a minti. Su sauya giya kafin su shiga hawa, domin sauyawa ana tsakiyar taka feda da ƙarfi shi ke zubar da kaca. Kuma kada kaca ta hau babban faifan gaba da babban na baya a lokaci guda, karkacewar tana cinye ta.

Takalmin da ke maƙalewa a feda kuwa, gaggawar jagora ce ke jawo faɗuwa. Mutum ya zo tsayawa, ya manta ƙafarsa a kulle take, sai ya kife a gefe kamar buhun gero. A sassauta sukurin fedar, a kai shi kan ciyawa, ya murɗa diddige waje ya saki sau da yawa har ƙafa ta haddace. Wanda bai shirya ba, a bar shi da feda ta gama-gari. Ba ta hana kowa gama kilomita 40.

Akwai jagoran da ya fiye kirki: taya ta yi faci, ya durƙusa ya gyara da kansa. Ranar gasa babu shi a wurin, kuma doka ta hana karɓar taimakon 'yan kallo. Kowa ya cire tayar baya da hannunsa, ya sauya tiyub, ya lalubi cikin tayar da yatsa don neman ƙayar da ta huda ta. In an ga huda biyu kusa da juna, iska ce ta yi ƙaranci har bakin ƙarfen wili ya matse tiyub. A duba iska kafin kowace fita.

A tafiyar rukuni, jagora ba ya yin gaba ya bar na baya. Dole a sami wanda zai zama na ƙarshe, da famfo da tiyub da waya. Ruwa kuma ba a jiran ƙishi: kusan gora ɗaya ta mililita 500 zuwa 750 a awa, da ɗan abin ci kamar ayaba ko dabino in tafiyar ta wuce awa ɗaya da rabi.

Abu biyu ake yawan bari sai makon ƙarshe. Na farko, gudu bayan keke: ƙafafu kan yi nauyi kamar na aro, don haka a saba da gudun minti 10 da zarar an sauka. Na biyu, dokokin wurin sauyi, wato inda ake ɗaukar keke bayan ninkaya, a kuma ajiye shi kafin gudu. Hular kwano sai an ɗaure ta kafin a taɓa keken, ba a kuma kwance ta sai an mayar da shi mazauninsa. A yawancin gasar masu sha'awa an hana bin bayan wani kurkusa don fakewa daga iska, alhali a atisayen rukuni abin da suka saba ke nan. A ware fita biyu ko uku da kowa zai bar tazarar mita 10 tsakaninsa da na gabansa.