Darasi na 9: Abin da Mai Ba Ya Kamawa

Kashi na farko

Ku ɗauko wayarku, ku dangwala yatsa a kan gilashin. Kun ga tabon maiƙo? Ku goge da tsumma mai laushi. Idan ya tafi da shafa ɗaya, to an yi wa gilashin wani siririn shafe da ake kira oliyofobik. Mu karanta gaɓa-gaɓa: o-li-yo-fo-bik. "Oliyo" daga Latin yake, yana nufin mai. "Fobik" daga Girkanci, yana nufin tsoro. Da Hausa sai mu ce mai ƙin mai. Lura: "mai" na farko da na ƙarshe rubutunsu ɗaya, amma faɗarsu daban. A jikin kwali za ku ga kalmar da Turanci ta fara da O, L, E, O.

Akwai 'yar uwarta, haidirofobik, wato mai ƙin ruwa. Ita tana farawa da H, Y, D, R, O.

A nan ake tuntuɓe, don haka mu tsaya. Mai ƙin ruwa daban, mai ƙin mai daban. Ku goga kyandir sosai a kan faranti. Ɗiga ruwa: zai dunƙule kamar dutsen ado. Ɗiga man girki: sai ya baje. Dalili kuwa, ƙarfin da ke riƙe saman ruwa ya ninka na man girki kusan sau biyu, shi ya sa korar mai ta fi wuya. Kyandir ya ƙi ruwa, bai ƙi mai ba. Ku sake faɗa. O na mai, H na ruwa. Wanda ya rikice kada ya ji kunya, yau da gobe sai ya zauna.

Amma jama'a, sau nawa zan faɗa? Sai mutum ya ga harafin H ya ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne! A duba harafin farko kafin a saya. O na mai, H na ruwa.

Kashi na biyu

Kaskon da abinci ba ya kamawa, yawanci wani sinadari mai santsi da ake kira Teflon aka shafa masa. Roy Plunkett ne ya gano shi a Amurka a 1938. Kada a kankare shi da cokalin ƙarfe.

Kashi na uku

Shafen gilashin waya yana ƙarewa da yawan guga. Ban da garin wanke-wanke a kansa.

Aikin gida: a rubuta kalmomin nan biyu, oliyofobik da haidirofobik, sau biyar-biyar.