Yadda ma'aikatan lab za su riƙa ƙaro ilimi ta waya ba tare da barin benci ba

Duk mai aiki a lab na ƙaramin asibiti ya san wannan damuwar, a kira bita a Kano ko Abuja alhali kai kaɗai ne a benci, wato teburin gwaje-gwaje, in ka tafi wa zai duba jinin masu zazzaɓi? Ga MLSCN, hukumar da ke ba ma'aikatan lab lasisi a Najeriya, kuma tana neman makin CPD, wato makin ƙaro ilimi a bakin aiki, kafin a sabunta lasisi. To wallahi taro ta waya yana rage wannan wahalar sosai in an tsara shi da kyau.

Ku fara haɗa kanku a guruf na WhatsApp ku tsayar da rana ɗaya a wata, bayan la'asar ya fi don lokacin samfur sun ragu. Kiran murya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 32, Zoom na kyauta kuma yana yankewa a minti 40, kuma dama minti 40 ɗin ya isa. A kashe bidiyo saboda data da netwok, wanda ba shi ke magana ba ya rufe makirfon, in ba haka ba ƙarar janareta ce za ta cinye karatun.

Inda aikin yake shi ne batun da za a tattauna. Don Allah kar a zo ana karanto littafi, a ɗauko matsala guda daga benci. Misali silaid ɗin maleriya yana fita shuɗi sosai ko ja-ja, sai wani ya ɗauki hoto ta idon makroskop ya tura guruf tun ana gobe taron, a goge sunan mara lafiya da lambar katinsa tukuna, wannan amana ce. In an hau kira sai a bi shi daki-daki, ruwan haɗin Giemsa, wato rinin da ake sa wa silaid, ya kai pH 7.2 a ma'aunin tsami kuwa? Kashi 10 cikin 100 aka haɗa na minti 10 ko kashi 3 mai ɗaukar minti 45 zuwa awa? Yau aka haɗa ko ragowar jiya ce? A bar ƙananan ma'aikata su fara faɗin nasu kafin oga, don in oga ya riga su kowa shiru zai yi.

Irin wannan tsari Project ECHO ya faro a Jami'ar New Mexico ta Amurka a 2003, ASLM, ƙungiyar harkokin lab ta Afirka, ma tana yin nata na ma'aikatan lab, ku riƙa leƙawa.

A rubuta sunayen waɗanda suka halarta, a tura taƙaitaccen saƙon murya ga wanda netwok ya yanke. Maganar maki kuwa, kafin ka biya kowa kuɗin satifiket ka tabbatar MLSCN ta amince da mai shirya taron.