Yadda Ake Hasashen Lokaci da Wurin da Ƙaramar Duniya Za Ta Rufe Tauraro

A daren 21 ga Janairun 2017, na'urorin hangen nesa 12 a tsakiyar Turai suna fuskantar wani tauraro mai raunin haske, sai ya ɓace ɓat, jim kaɗan kuma ya dawo. Haumea ce ta gitta ta gabansa, ɗaya daga cikin ƙananan duniyoyin da ke can bayan Naftun, kuma daga wannan ɗan husufi aka auna tsawonta da ya haura kilomita 2,000, aka kuma gano tana da zobe mai faɗin kusan kilomita 70. Waɗanda suka kalla sun san daren da kuma yankin tun kafin lokacin, domin an riga an lissafa.

Tushen lissafin shi ne inuwa. Tauraro yana da nisan da haskensa ke iso mana a miƙe, saboda haka inuwar da ƙaramar duniya ke jefawa girmanta ɗaya da jikinta, kuma tana share doron ƙasa da gudun da yakan kai kilomita 20 zuwa 25 a sakan guda, mafi yawansa daga tafiyar Duniyarmu ce a kewayen Rana. Wanda ke cikin layin inuwar zai ga tauraro ya mutu, wanda ke wajensa da kilomita goma ba zai ga komai ba. Aikin mai hasashe shi ne ya zana wannan layi a kan taswira, ya faɗi lokacin, sannan ya faɗi gaskiya game da yawan kuskuren da ke cikin zanen nasa.

Kafin a taɓa kwamfuta ya kamata a saba da ma'aunin da ake aiki da shi. Ana raba digiri ɗaya zuwa sakan 3,600 na kusurwa, kowane sakan kuma a raba shi dubu, a sami milisakan, wanda ya yi kusan daidai da tsayin mutum da ke tsaye a kan Wata idan daga nan ake kallonsa. Don mayar da shi kilomita, a duba sau nawa nisan ƙaramar duniyar ya ninka nisan da ke tsakaninmu da Rana, wato kilomita miliyan 149.6, sai a ninka adadin da 0.725. Haumea tana kusan ninki 50, don haka milisakan ɗaya a wurinta kilomita 36 ne, a wurin Eris kuwa, wata ƙaramar duniyar mai ninki kusan 96, ya kai kilomita 70. Da wannan ɗan lissafi mutum zai gane dalilin da ya sa kuskuren da ido ba zai taɓa gani a hoto ba yake iya ɗauke inuwa daga wata ƙasa ya kai ta wata.

Mataki na farko shi ne samo jadawalin matsayin ƙaramar duniyar. Ana samunsa kyauta a shafin Horizons na cibiyar JPL ta Amurka, kuma a nema shi kamar ana kallo daga tsakiyar Duniya, a tsarin da ya dace da na kundin taurari, wanda ya riga ya lissafa jinkirin haske, tun da hasken da ya baro nisan ninki 40 yana shafe kusan awa biyar da rabi a hanya. Ayarin Lucky Star, wanda Bruno Sicardy na cibiyar nazarin taurari ta Faris ya jagoranta tare da abokan aiki a Riyo da Giranada, yana fitar da nasa jadawalin mai suna NIMA, wanda aka gina musamman don wannan aiki. Yana da kyau a ɗauko duka biyun a kwatanta, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce ishara ta farko ga girman kuskuren da ake fuskanta.

Daga nan sai a shimfiɗa wannan hanya a kan kundin taurari na Gaia, kumbon hukumar sararin samaniya ta Turai da aka harba a Disambar 2013, wanda kundinsa na 2022 ya ƙunshi taurari kusan biliyan 1.8. Ana neman duk tauraron da hanyar za ta kusanta da tazarar da ba ta wuce rabin faɗin Duniya da rabin faɗin ƙaramar duniyar ba idan aka haɗa su, wanda a nisan Haumea ya kama kusan milisakan 200. Manhajar Occult ta David Herald da kuma SORA, wadda aka rubuta da Python, suna yin wannan tankaɗe cikin sauƙi. Yawan abin da za a samu ya danganta da yankin sama: Fuluto ya shafe shekaru yana ratsa wurin da taurari suka yi cincirindo, sai husufinsa ya yawaita, Eris kuwa tana wani fili mai ƙarancin taurari, shi ya sa nata yake wuya.

Akwai tarko biyu a ɓangaren tauraro. Matsayin da Gaia ya bayar na farkon shekarar 2016 ne, kuma kowane tauraro yana da ɗan motsinsa, don haka dole a tura matsayin zuwa daren da ake magana, a kuma saka ɗan karkacewar da kewayawar Duniya ke haifarwa. Na biyu, a duba lambar RUWE da ke gefen kowane tauraro a kundin, domin idan ta haura 1.4 akwai yiwuwar taurari biyu ne manne da juna, kuma matsayin da aka rubuta ba abin dogaro ba ne sosai. Idan an kiyaye waɗannan, kuskuren tauraro mai matsakaicin haske bai kai milisakan ɗaya ba.

Matsalar gaske tana wurin ƙaramar duniyar, kuma a nan ne ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Fuluto yana kewaya Rana cikin shekara 248, an kuma gano shi a 1930, ke nan ko rabin zagaye ɗaya ba a gani ba tukuna. Eris tana buƙatar fiye da shekara 550. Hanyar da aka lissafa daga ɗan guntun baka irin wannan tana iya kaucewa da milisakan goma ko ashirin ko fiye. Maganin shi ne a ɗauki hotunan ƙaramar duniyar da babbar na'ura a makonnin da suka gabaci husufin, a auna matsayinta da taurarin Gaia da ke cikin hoton, a ga nawa ta kauce daga jadawali, sai a gyara hasashen. Sai dai a lura da watannin da ke kewaya ƙananan duniyoyin: Fuluto da watansa Charon suna kewaya wata cibiyar nauyi da ke wajen jikin Fuluto cikin kwana 6.4, Haumea kuma tana da wata mai suna Hi'iaka, kuma idan hoto ya haɗe haskensu wuri ɗaya, abin da aka auna tsakiyar haske ne, wanda ba lallai ya zama tsakiyar jikin da zai yi inuwar ba.

Zana layin a taswira aiki ne da kwamfuta ke yi da dabarar da Friedrich Bessel ya tsara don husufin Rana: a ƙaddara wani faifai da ya ratsa tsakiyar Duniya yana fuskantar tauraron, a bi tafiyar inuwar a kansa, sannan a sauke ta kan doron ƙasa da ke juyawa. Abin da ya rage ga mutum shi ne karanta kuskuren yadda ya kamata, domin kashi biyu ne kuma nauyinsu ba ɗaya ba. A ɗauka kuskuren Haumea milisakan 20 ne, wato kilomita 720. Idan a tsawon hanyar inuwar yake, to jinkiri ne ko gaggawa ta kusan sakan 36 a gudun kilomita 20, wanda ake magancewa da fara ɗaukar hoto minti biyar kafin lokaci. Idan kuwa a gicciye yake, layin gaba ɗaya ya matsa arewa ko kudu da kilomita 720, kuma babu haƙurin jira da zai dawo da shi. A ganina duk taswirar da aka fitar babu layukan kuskure a gefenta bai kamata a gina tafiya a kanta ba.

Sannan a tace da abubuwan da ke ƙasa. Dole Rana ta faɗi sosai a yankin, tauraron ya ɗaga daga gefen sama, Wata kuma kada ya yi kusa. A kwatanta hasken tauraron da na ƙaramar duniyar, saboda na'ura tana ganinsu a haɗe, kuma idan tauraron ya fi rauni ƙwarai, raguwar hasken ba za ta fito fili ba. Lokutan duk da agogon UTC ake rubuta su, wanda Najeriya da Nijar ke gaba da shi da awa ɗaya, kuma mantawa da wannan kaɗai ya isa ya ɓata dare.

Tun da kuskuren gicciye ba ya ƙarewa, ana baza masu kallo a jere daga arewa zuwa kudu, har a wuce iyakar layin. A husufin Eris na 6 ga Nuwamban 2010 wurare da dama sun yi shiri, amma biyu kacal a ƙasar Cile suka gani, kuma da su aka sami faɗinta, kilomita 2,326. Arrokoth, wani ɗan jiki da ke bayan Naftun wanda ba ƙaramar duniya ba ne kuma tsawonsa kusan kilomita 36 ne kawai, ya fi nuna iyakar dabarar: a 3 ga Yunin 2017 an jera na'urori a Ajantina da Afirka ta Kudu ba a ga komai ba, a 17 ga Yuli kuwa biyar suka kama shi a kudancin Ajantina, sannan a 4 ga Agustan 2018 aka sake kama shi daga Senegal a tsakiyar damina.

Kowane mai kallo ya ɗaure agogon kyamararsa da GPS, ya rubuta matsayinsa daidai, ya ɗauki hoto babu yankewa. Sakan nawa tauraron ya ɓace, a ninka da gudun inuwa, a sami tsawon tsirkiyar da ta ratsa jikin ƙaramar duniyar daga wurinsa, kuma tsirkiyoyi uku ko huɗu sun isa a fara zana siffa. Wanda bai ga husufi ba shi ma ya aika rahotonsa, domin shi ne yake nuna inda jikin ya ƙare. Idan haske ya dushe a hankali maimakon ya yanke lokaci guda, alama ce cewa iska ta lulluɓe jikin ƙaramar duniyar, kamar yadda aka tabbatar da ta Fuluto a 9 ga Yunin 1988. Matsayin da aka samo daga husufin da ya yi nasara ya fi na kowane hoto daidaito, don haka ana mayar da shi cikin jadawalin, sai tazarar kuskuren hasashe na gaba ta ragu daga ɗaruruwan kilomita zuwa gommai.