Yadda malamin makaranta zai ci moriyar dogon hutu: takardu, motsa jiki da tafiya

A yawancin jihohin Arewa ana rufe makarantu a ƙarshen Yuli, a koma a farkon Satumba ko tsakiyarsa. Mako shida ne zuwa bakwai, kuma duk a tsakiyar damina suke. Abin da ke cinye wa malamai wannan hutu shi ne rashin sanin abin da za a fara yi. Duk abin da yake da ranar rufewa, kamar rajista da neman gurbin karatu, shi ake farawa da shi. Tafiya ta zo a tsakiya, kwana goman ƙarshe a bar wa shirin aji. Motsa jiki kuwa na kullum ne.

Makon farko na takardu ne

Ɗauko fayil ɗinka ka baje shi. Ya kamata a samu takardar ɗaukar aiki, takardar tabbatarwa a aiki, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, sakamakon sakandare, NCE (takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi) ko digiri, shaidar haihuwa da ta ƙaramar hukuma. Ka duba suna da ranar haihuwa a kowace, ka gwada su da abin da ke kan NIN da BVN. Nan ne matsala take ɓuya: wata takarda ta ce Muhammad, wata Mohammed, wata ta sa sunan gari a madadin sunan mahaifi. Ba a jin zafin wannan sai ranar tantance ma'aikata, lokacin da albashi zai tsaya. Gyaransa yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu da zirga-zirgar ofis, abin da malami ba zai iya ba idan ana karatu. Ranar haihuwa ta ƙara nauyi tun dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, kodayake sai ka bincika ko jiharku ta fara aiki da ita.

Sai rajistar TRCN, hukumar da aka kafa a 1993 don yi wa malamai rajista. Tana kasa malamai gida huɗu: A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE. Jarrabawarta a kwamfuta ake yi, kuma malamai da dama ba tambayoyin ne ke kayar da su ba, hannunsu ne bai saba da na'urar ba. Awa ɗaya sau biyu a mako a shagon kwamfuta ta isa ta kawar da wannan fargaba. Wanda ya riga ya yi rajista ya duba ko wa'adin lasisinsa bai ƙare ba.

Mai digirin da ba na koyarwa ba yana buƙatar PGDE, wato diflomar koyarwa da ake yi bayan digiri. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna tana gudanar da shi a cibiyoyinta na jihohi, haka ma Jami'ar NOUN ta karatu daga gida, kuma jami'o'i da kwalejojin ilimi da dama suna da tsarin karatun da ake yi a dogon hutu. Kada ka biya ko sisi kafin ka rubuta wa hukumar da kake ƙarƙashinta, SUBEB (hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha) ce ko ma'aikatar ilimi, ka karɓi izini a rubuce. Malami yakan gama karatu da kuɗin aljihunsa, ya kai takardar, a ce ba za a yi masa ƙarin mataki da ita ba domin babu shaidar an ba shi izinin karatun. Wannan asara ce mai ciwo, kuma wasiƙa ɗaya ce maganinta.

Jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 30 ke nan sau biyar. Amma wanda ya shekara bai yi ba kada ya fara daga nan. Makon farko minti 15 na tafiyar sauri bayan sallar asuba, a riƙa ƙara minti biyar duk mako. Ma'aunin saurin shi ne kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Gudu tun ranar farko shi ke kawo ciwon gwiwa, mutum ya ajiye abin a kwana na uku. A sa takalmi sau-ciki da safa. Silifas yana zamewa a laka, yana kuma tayar da bororo.

Ranar da ruwa ya hana fita, a tsakar gida ko a ɗaki za a yi: tashi da zama a kan kujera sau 10, a huta, a maimaita sau uku, sannan a dafa bango a tura shi da hannuwa sau 10. Malamar da fita da sassafe zai yi mata wuya tana iya haɗuwa da maƙwabta biyu su zaga filin makaranta mafi kusa bayan la'asar. Malamin da ke noma da hannunsa ya riga ya samu nasa, abin da ya rage masa shi ne miƙa baya da shan ruwa. Wanda ya haura shekara 40 ya fara yin awon hawan jini. Idan awo ya yi ta nuna 140/90 ko sama, ko ana jin ciwon ƙirji ko jiri, a ga likita tukuna.

Tafiya

Albashi biyu ne ke faɗowa cikin hutun. Kuɗin tafiya daga na Yuli za su fito. Na Agusta na kuɗin makarantar yara ne da littattafai. Malamin makarantar kuɗi ya tabbatar tun kafin rufewa ko za a biya shi watan hutu. Kwana uku zuwa biyar sun isa, kuma sauka a gidan 'yan'uwa yana haɗa zumunci da rage kashe kuɗi.

A zaɓi wurin da zai amfani aji kuma damina ba ta ɓata shi. A gandun dajin Yankari, a Agusta ciyawa ta yi tsawo, dabbobi sun watsu saboda ruwa ya wadata ko'ina, ganinsu sai rani. Birane sun fi dacewa: Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, rijiyar Kusugu a Daura, Hubbaren Shehu a Sakkwato, gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Ka nemi izinin ɗaukar hoto, ka rubuta bayanin mai rakiya a ranar, domin bayan mako biyu rabinsa ya tafi. Mota ta farko da safe za a shiga, daga tasha, a isa kafin magariba. Kwana ɗaya kafin tashi a tambayi direbobi halin hanya, ta fuskar tsaro da kuma gadojin da ruwa ya ci. Takardu a leda, gidan sauro a jaka, don lokacin zazzaɓin cizon sauro ne.

Kwana goman ƙarshe

Karɓi jadawalin darussan zangon farko, ka tambaya ko an sauya manhaja. Zango yakan kai mako 13, amma in ka cire makon dawowa, hutun tsakiyar zango, bita da jarrabawa, abin da ya rage bai fi mako 9 ko 10 ba. A kan waɗannan za ka raba darussa, masu wuya su zo da wuri. Rubuta shirin darasi na mako uku kawai. Fiye da haka za ka sake shi idan ka ga matakin ɗaliban. Tanadi gajeren gwaji na tambaya 10 daga aikin ajin baya don ranar farko, shi zai nuna maka abin da hutu ya goge. Mako guda kafin komawa ka mayar da barci da tashi kan lokacin makaranta, ka matsar da tafiyar safe zuwa lokacin da za ka iya ci gaba da ita idan an fara karatu.